Ranar da Aka Ƙirga Hannuna a Doha

Tun da na dawo daga Doha ban huta ba. A ɗakin malamai tambaya, a gidan biki tambaya, har mai sayar mini da kayan miya a Tudun Wada sai da ya ce, "Malama, wai da gaske ne har kan titi suke sa na'urar sanyi?" Kowa labarin dogayen benaye yake so. To, ga shi na zauna na rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda. Amma ina faɗa tun yanzu, wanda ya zo don benaye zai tashi da haushi, domin ni ma da haushi na dawo, kuma har yau bai sauka ba.

Ga waɗanda ba su san ni ba, shekara ashirin da uku ke nan ina koyar da darasin Gwamnati a wata makarantar 'yan mata a Zariya. Ƙanena Nura likita ne a Doha. Ni na goya shi, ni na koya masa ɗaure takalmi, kuma tun da mahaifiyarmu ta rasu ni ce uwa. Matarsa Farida ta haifi ɗan fari, sai ya aiko mini da tikiti da bizar wata ɗaya in je in kula da jego.

Na haɗa kaya kamar mai ƙaura: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yajin jego, kanwa, gero, da man shanu galan guda wanda na riƙe a jakar hannu don kada ya zube. Da asuba man nan a daskare yake. Kafin mu isa Kano rana ta buga motar, ya narke. A filin jirgi wani ma'aikaci ya ɗaga galan ɗin, ya girgiza, ya ce ba a shiga da ruwa.

Na ce, "Ruwa? Ɗana, buɗe ka shaƙa. Man shanu ne na maijego."

Ya ce, "Hajiya, ni dai abin da ke motsi ruwa ne."

Na ce ya ba ni rabin sa'a in sa shi gaban na'urar sanyi ya daskare, sai ya zama ba ruwa ba. Har na bayansa suka yi dariya, amma galan bai dawo hannuna ba. Ina fata dai wanda ya ci ya sa wa jaririn albarka.

A Doha kuwa ba mutum ne ya fara tarbata ba, na'ura ce. An ce in cire tabarau in kalli wani ɗan gilashi, na kalla, ta ƙi ni. Na sake kalla, ta ƙi. Ashe idon nake ƙanƙancewa, don ba tabarau ba na ganin komai. Wata ma'aikaciya cikin baƙar abaya ta buɗe nata idon da yatsu ta nuna mini, tana cewa "yalla, yalla", wato in yi sauri. A wurin binciken kaya aka buɗe jakar daddawa. Saurayin da ya buɗe ya ja da baya taku biyu, ya toshe hanci, ya ce "khalas, khalas", wato shi ke nan, ya yi mini nuni in wuce. Ko kanwar bai duba ba. Daddawa ta yi mini abin da fasfo bai yi ba.

Gidan Nura a unguwar Al Mirqab yake, bene hawa na tara. Waje zafi kamar bakin murhu, ciki sanyi har sai da na sa safa da rigar sanyi ta Nura. Abin da ya fi ba ni mamaki shiru. An yi haihuwa a gida, amma ko maƙwabci ɗaya bai leƙo barka ba. Na dama kunun kanwa na ƙwanƙwasa ƙofar da ke kallon tamu. Wata 'yar Filifin ta buɗe kaɗan da sarƙa a jiki, ta kalli kofin, ta kalle ni, ta ɗauka ɓatan hanya na yi. Ragon suna ma ban gan shi da rai ba. A mayanka aka yanka, ya zo a kwali an yayyanka shi, ko ƙaurin ƙona kai ban ji ba. Na ce wa Farida, "Wannan suna ne ko sayen magani?"

Ranar sunan ce na fara ganin Baba Isiyaka. Dattijo ne siriri mai farin gemu, ya shigo da ƙatuwar tukunya a rungume, ya ajiye, ya wanke hannu, ya karɓi jaririn ya yi masa addu'a doguwa. Mutumin Zangon Kumasi ne, Hausarsa irin tasu ta can, direban motar ɗaukar 'yan makaranta. A tukunyar shinkafa da wake ce ja, da wani baƙin yaji mai kifi da suke kira shito. Na ci har na manta ni ce mai raba abinci. Farida ta ja ni kicin ta ba ni labarinsa. Ya haura shekara ashirin a Doha. Ranar da Nura ya fara sauka a garin, kafin asibiti ta ba shi masauki, a ɗakin Baba ya kwana mako biyu. Kuma duk Bahaushen da ya rasu a Doha, na Najeriya ne ko na Gana, Baba ake kira. Shi ya san ofisoshin da ake bi, shi ke tsayawa wurin wanka, shi ke raka gawa maƙabarta ko filin jirgi. Akwai wani akwatin ƙarfe na ƙungiyarsu ta Hausawa da ke hannunsa, da likkafani a ciki, da kafur, da ganyen magarya, da littafin lambobin waya.

Bayan an watse, abokan Nura suka zauna shan shayi a falo, likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a. Babbansu wani Injiniya Bashir ne, mai aiki a kamfanin gas, mutumin da ba ya gama jimla sai ya sa Turanci. Hira ta kai ga siyasar gida, kowa yana zagin ɗan majalisarsa. Injiniya ya ce ai dimokuraɗiyyar ma ba tamu ba ce, Girkawa suka ƙirƙiro ta, su ne suka ba kowa 'yanci.

Nan fa bakina ya ja mini. Shekara ashirin da uku ina koyar da abin, a ce a gabana za a faɗe shi a karkace? Na ajiye kofi na buɗe aji.

Na ce a birnin Athens na dā ba wanda ke aika wakili. In za a yi doka ko a tafi yaƙi, 'yan gari da kansu ke hawa wani tudu su zauna, wanda ke da magana ya tashi ya yi, maƙeri ne ko mai jirgin ruwa, sannan a ɗaga hannu a ƙirga. Yawancin muƙamai ma ba zaɓe ake yi ba, canki-canka ake yi da sunaye, wanda ta faɗo a kansa ya riƙe shekara guda ya sauka, don suna ganin zaɓe mai kuɗi da mai baki yake ɗorawa. Na ce ku kwatanta da mu. Ni ɗan majalisar mazaɓarmu a jikin fasta kawai na san shi, shekara huɗu yana magana da sunana a Abuja, ko sau ɗaya bai tambaye ni me nake so a ce ba. Suka yi ta gyaɗa kai, ni kuwa daɗi ya kwashe ni.

Na ce amma batun ba kowa 'yanci, Injiniya, wannan ba haka ba ne. Mata ba sa hawa tudun nan, bayi ba sa hawa. Akwai kuma baƙi mazauna, mutanen da suka zo daga wasu garuruwa suka zauna, wasu ma a nan aka haife su. Su ke sana'a, su ke kasuwanci, suna biyan haraji na musamman, in yaƙi ya zo a fita da su. Amma ba su da hannu a taro, ba sa mallakar fili, kuma dole kowannensu ya sami ɗan gari da zai tsaya masa. Daga baya ma aka yi doka, ba ka zama ɗan gari sai uwarka da ubanka duka 'yan gari ne.

Wani likita ya yi dariya ya ce, "Ashe kafil tun zamanin Girkawa yake!"

Kafil shi ne wanda ya ɗauki nauyin zamanka a ƙasar, mutum ko kamfani, kuma duk wanda ke falon nan yana da nasa. Aka yi ta dariya. Na ce ai ku ne baƙi mazaunan, duk digirorinku. Na lura Injiniya bai yi dariya ba, ya ciro waya yana rubutu. Wallahi na ɗauka ilimi yake adanawa. Har na ji daɗi.

Ranar Juma'a bayan masallaci Baba Isiyaka ya gayyace mu unguwarsu, Fereej Abdel Aziz. Nura ya ce yana da aiki, ya kai ni ya juya. Tsohuwar unguwa ce, ƙananan shaguna, masu aski, masu gyaran waya, wanki a rataye a tagogi. A nan na ji na iso gari. Ɗakin Baba su huɗu ne a ciki, gadaje masu hawa biyu, an jingine katifa ɗaya aka shimfiɗa tabarma. Mutum ya kai goma sha biyar, direbobi, masu gadi, masu aikin shago, da mata biyu masu aikin asibiti da suka zauna da ni a bakin ƙofa. Aka kawo tuwo da miyar ayoyo, aka bi da shayin madara mai kauri da suke kira karak.

Bayan an ci, wani ya kawo maganar wani yaro ɗan Tamale da ke kwance a asibiti, wa zai riƙa zuwa dubiya, wace rana. Kowa ya faɗi nasa, har matan. Aka sami ra'ayi biyu, Baba ya ce, "To, a ɗaga hannu." Aka ɗaga, aka ƙirga, aka wuce. Ra'ayin Baba ne ma ya faɗi, ya ce, "Jama'a sun fi ni," ya ci gaba da kurɓar shayinsa. Na zauna baki buɗe. Abin da nake zana wa yara a allo ga shi a gabana a kan tabarma. Baba ya ce a wannan ɗakin ƙungiyar ta fara, su bakwai, ranar da wani ɗan Katsina ya rasu aka rasa mai tsayawa a kansa. Ya jawo akwatin daga ƙarƙashin gado ya nuna mini. Kore ne, fentin ya goge a wurin hannu.

Da zan tafi ya ce, "Hajiya, gobe za ka zo taro?" Haka suke magana, mace ma "ka" suke ce mata. Na ce wane taro? Ya yi murmushi ya ce in tambayi Dokta.

Da yamma Nura ya ɗauke ni zuwa Corniche, bakin tekun da kowa ke fita shan iska. Ana ta tafiya da gudu, ga jiragen katako a ɗaure. Ban kalli ko ɗaya da kyau ba. Na ce, "Wane taro ne gobe?"

Ya ɗan yi tari. Ya ce taron shekara ne na ƙungiya, kuma shi yana takarar shugaba. Ya ciro katin zama memba daga aljihu ya miƙa mini, da sunana a jiki. Ya ce akwai ƙudurin gyara tsarin mulki da za a kaɗa wa ƙuri'a kafin zaɓe, yana so in ɗaga hannu tare da su.

"Wane gyara?"

"Yaya, ba wani abu ba ne. Cikakken memba shi ne mai fasfon Najeriya. Shi ke zaɓe, shi ke riƙe muƙami da kayan ƙungiya. 'Yan uwanmu na Gana za su ci gaba da zuwa, za a ba su wakili ɗaya da zai riƙa faɗin ra'ayinsu."

"Wakilin yana da ƙuri'a?"

"Yana da baki dai."

Na tsaya cak, har wata mai gudu ta kusa karo da ni. Na ce, "Nura, ni da na yi kwana goma sha biyu a garin nan ina da kati, Baba Isiyaka da ya kafa ƙungiyar a ɗakinsa ba zai ɗaga hannu ba?"

Ya ce in fahimta. Mutanen su Baba sun fi su yawa. Duk shawarar da masu ilimi suka kawo, a ɗaga hannu direbobi su kayar. An ce a yi walimar Sallah a otel, sun kayar, sai a filin shaƙatawa. An ce a riƙa taro da ajanda a rubuce, sun kayar. Ƙungiya ba ta ci gaba. Ya ce ai ko a gida ba kowa ke zama a majalisa ba, wakilai ake turawa.

Na ce, "Wakilin da ka gama zagi ranar suna? A gida ni na zaɓe shi, ko banza ina da ranar da zan ƙi shi. Wannan ku za ku ƙwace hannun mutum ku ba shi baki aro, ku ce gyara ne. Kuma me ya sa taron ranar Asabar da hantsi?"

Ya kau da kai wajen teku. Ai na riga na sani. Asabar likitoci da injiniyoyi suna hutu, direbobi da masu shago suna bakin aiki. Juma'a kaɗai suke da ita. Kuma an kai taron wani otel can nesa, inda sai mai mota. Na ce masa Allah wadai. Na ce a katifar mutumin nan ka kwana lokacin da ba ka san gabas ba a garin nan. Ya ce, "Yaya, ki rage murya, ana kallonmu." Na ce a kalla. Muka koma gida. Katin dai ban yar ba, na ce zan je in ɗaga hannuna inda nake so.

Zauren otel ɗin sanyi ƙalau, kujeru masu farar riga, ruwan roba a gaban kowa. Mutanen Nura sun cika gaba da matansu, da surukai biyu da suka zo ziyara irina, kowace da katinta. Mutanen Zango ba su fi a ƙirga da yatsu ba, suna baya. Baba ya nemi wani ya karɓe shi a aiki, ya zo da kayan direba a jikinsa, ya zauna a kujerar ƙarshe da wata jaka a gaban ƙafarsa.

Aka karanta ƙudurin da Turanci, sannan aka fassara a gurguje. Injiniya Bashir ya tashi ya karɓi abin magana. Ya ce kada kowa ya ɗauki abin da zafi, tsari ne. Sai ya ciro wayarsa. Ya ce, "Alhamdu lillahi, muna da masaniya a cikinmu, yayar Dokta, malamar Gwamnati. Ita da bakinta ta karantar da mu cewa a Athens, inda aka haifi dimokuraɗiyya, baƙi mazauna suna zaune lafiya, suna sana'arsu, amma ba sa ɗaga hannu a taro. To in uwar dimokuraɗiyya ta yi haka, mu su wa?"

Aka tafa. Wasu suka juyo suna yi mini murmushi.

Innalillahi. Maganata ce, kalma bayan kalma, wadda na yi don in burge masu digiri a kan kofin shayi, ga ta an wasa ta an ɗora a wuyan Baba. Ban jira an ba ni izini ba na miƙe. Na ce, "Injiniya, ka ji tsoron Allah. Na faɗa muku wannan a matsayin abin kunyar Athens, ba abin koyi ba. Su da suka hana baƙi, aƙalla garinsu ne, kakanninsu ke kwance a ƙasar. Ku fa? Waye ɗan gari a ɗakin nan? Ka ɗaga katin zamanka mu gani in ba sunan kafil a jiki. Gobe kamfani ya ce khalas, kai da direba, jirgi ɗaya za ku hau. Baƙo ya sami baƙo ya ce masa baƙo! Kuma in Athens za ku bi, ku bi ta duka. Ku kore ni daga ɗakin nan ni da matanku, don mata ba sa hawa tudu. Ku zuba sunaye a hula a yi canki-canka, mu ga ko shugabancin zai faɗo kan likita ko kan mai gadi. Kun tsallake duk abin kirkin da ke cikin darasin, kun ɗauko ƙazantar kawai. Ɗalibata ta yi mini haka a jarrabawa, sifili zan ba ta."

Wani ya ce, "Hajiya, lokaci." Mai gabatarwa ya ce an ji, an gode, a tafi ga ƙuri'a. Nura yana kallon ruwan robar gabansa kamar yau ya fara ganin ruwa.

Masu goyon baya suka ɗaga hannu, gaban zauren ya cika. Na ga hannun ƙanena a sama, bai kai sosai ba, amma an ƙirga shi. Masu adawa, ni da Farida, wadda ta ɗaga nata da jariri a kafaɗa ba ta ko kalli mijinta ba, da wani malamin jami'a ɗaya, da 'yan Zangon da ke baya. Ba mu kai ko rabinsu ba. Ƙuduri ya wuce. Aka yi zaɓe nan take da sabuwar doka, Nura ya zama shugaba, aka tafa, aka fara buɗe kulolin abinci.

Sai Baba Isiyaka ya tashi. Ya zuge jakarsa, ya ciro koren akwatin, ya tako a hankali tun daga baya har gaban tebur, ya ajiye shi a gaban Nura. Ƙarar ƙarfen ta sa kowa ya juyo.

Ya ce, "Shugaba, ina neman izinin magana, tunda an ce baki muna da shi."

Nura ya gyaɗa kai.

"Jama'a sun ɗaga hannu, jama'a sun fi ni, ba ni da ja. Doka ta ce kayan ƙungiya sai cikakken memba. Wannan kayan ƙungiya ne. Likkafani uku ne a ciki, kafur ya kusa ƙarewa, a saya. Littafin yana sama, na rubuta ofishin da ake fara zuwa da wanda ke biye. Ni ba zan ƙi Musulmi ba, duk wanda ya kira ni a kan gawa zan zo. Amma wayar farko mai akwati ake bugawa, ko yana barci ko yana aiki. To, cikin masu hannu, wa zai riƙe? A ɗaga mu gani."

Wallahi zauren nan da ya cika da hannuwa minti goma da suka wuce, ko yatsa ba ka gani. Injiniya ya sunkuya yana gyara igiyar takalmi. Wani ya tashi amsa wayar da ban ji ta yi ƙara ba. Da na ga ba mai ɗagawa, na ji ba zan iya ba, na ɗaga nawa.

Baba ya kalle ni, ya yi murmushin nan nasa. Ya ce, "Hajiya, sauke. Kai baƙo ne, jibi-jibi za ka tafi gida."

Na sauke. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Hannun da aka ƙirga ɗazu a kan makomar mutumin, ashe ko akwati ba zai iya ɗauka ba. Baba ya yi sallama, ya ce zai koma ya karɓi motarsa kafin a tashi yaran da ke darasin Asabar. Bai ci abincin ba.

Sauran kwanakin na yi su ne don Farida da jariri. Na yi mata kunu, na gasa mata nama da yaji, na koya mata wankan yaro. Ni da Nura gaisuwa kawai. An kai ni kasuwa na sayo turare da dabino na tsaraba, waɗanda kuka ci kuka ce sun yi daɗi. Akwatin kuwa a but ɗin motar Nura ya yi ta kwana, don Farida ta ce ba za a shigar mata da shi ɗakin jego ba, shi kuma bai sami wanda zai miƙa wa ba.

Ranar tafiyata ya buɗe but zai sa kayana, sai ga shi nan kore, kusa da tayar safaya. Ya tura shi gefe ya jera jakunkunana. Mun yi nisa a hanyar filin jirgi. Can ya ce, "Yaya."

Na ce, "Ina ji."

"Jiya na buɗe shi. Na karanta littafin. Ni fa shekara goma sha ɗaya ina sa hannu a takardar mutuwa, amma ban taɓa wanke mamaci ba. Ko na Inna ban gani ba, ina nan aka yi." Ya riƙe sitiyari da hannu biyu. "In aka bugo mini waya yau, ta ina ake farawa?"

Na kalle shi. Na so in yi masa faɗa irin na Corniche, har na shirya kalmomin. Amma fuskar da na gani ta yaron nan ce da nake ɗaure wa takalmi.

Na ce, "Ka juya mota in ka sauke ni, ka tafi Fereej Abdel Aziz. Ka cire takalmi a bakin ƙofa, ka zauna a tabarma. Kuma kada ka je hannu rabbana kana neman ya koya maka wanka alhali ƙuri'arsa tana aljihunka."

Ya ce gyaran doka sai an kira wani taron, kuma su Injiniya ba za su yarda da sauƙi ba. Na ce ya kira taron ranar Juma'a, a ɗakin da aka fara, ya ga ko yana bukatar yardar Injiniya.

Wata biyu ke nan da dawowata. Duk Juma'a ina buga masa waya, kafin in tambayi jariri nake tambayar taron. Ya ce ya je wurin Baba sau uku, ya koyi yadda ake yanka likkafani. Taron kuwa har yanzu "ana shiri". Makon jiya na iso babin Athens da 'yan aji biyu. Na zana tudun a allo kamar kullum, na zana mutane da hannuwa a sama. Sai na tsaya, na koma ƙasan tudun na zana wani mutum shi kaɗai da akwati a hannu. Wata ɗaliba ta ce, "Malama, wannan ba ya cikin littafi." Na ce mata ta zana shi duk da haka, zai fito a jarrabawa.